Anti Shafi da Gadar Gishiri

Shekara goma sha huɗu kekena yana jikin na Anti Shafi a wajen da muke ɗinkin labule da rigunan kujeru. Ɗaki ne dogo, keke takwas a jere, taga ɗaya, fanka biyu: ɗaya tana juyawa, ɗaya tana kallonta. Soso a jibge a kusurwa har ya kusa taɓa rufi. Ƙasa kuwa kullum zare ne da guntayen yadi, in kika shigo da takalmi fes sai ki fita da shi ya yi gemu.

Ba a gida aka raɗa mata Shafi ba, mu muka sa mata. Duk maganar da aka ɗauko, ko ta miji ce ko ta tsadar kasuwa ko ta ciwon baya, sai ta ɗaga ƙafa daga keke ta ce, "Ai akwai wannan a kashi na biyu, shafi na ɗari da tara." Littafi ɗaya take nufi kullum, Gadar Gishiri, kashi uku, kowanne kamar bulo. Ni kuma tana kirana Maƙwabciya, tun da kekunanmu gida ɗaya suke.

Na taɓa gwada karanta shi don in faranta mata. A shafi na sha biyu barci ya yi gaba da ni. Amma na san labarin kamar ni na rubuta, don na sha shi a kunne. Wata gada ce ta gishiri tsakanin ƙasar mutane da ƙasar wasu manyan tsuntsaye masu magana. Duk wanda ya yi ƙarya a kan gadar, sai wani yanki nata ya narke. Mai tsaronta mace ce, ana ce mata Mai Fitila, ta haura arba'in, tana ɗingishi, kuma tun daga farkon littafin har ƙarshensa ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Sai da muka shekara biyar tare na san dalilin wannan so. Wata rana aka ɗauke wuta da tsakar rana, kekuna suka yi tsit, sauran suka fita shan iska. Muka zauna a kan soso mu biyu, ta ba ni labari.

Tana 'yar shekara goma sha biyu babur ya kaɗe ta a bakin makaranta, ƙugu ya karye. Wata bakwai ta yi a kwance a ɗakin tsakiya, tana kallon rufi. Yayarta, wadda ta girme ta da shekara bakwai, tana aiki a shagon sayar da zare da maɓalli. Ita ce ta aro littafin a ɗakin karatu. Kullum in ta dawo da yamma, ko mayafi ba ta cirewa, sai ta zauna a bakin gado ta buɗe. Tana yin muryar kowa: ta tsuntsaye, ta sarki, ta ɓarawon gishiri. Amma in an zo kan Mai Fitila ba ta canza komai, da muryarta take yi, wata murya mai ɗan dishi-dishi.

Shekara huɗu bayan Anti ta miƙe, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Yaya. Hotonta guda ɗaya ne a duniya, yana cikin akwati tare da sauran hotunan gida. Wata damina rufi ya yi yoyo a kan akwatin, ba wanda ya lura sai bayan wata biyu. Hotunan suka manne suka zama kamar katako.

"To amma ni ban rasa ta ba, Maƙwabciya," ta ce da ni. "In na buɗe littafin, ita ke fitowa. Ba ƙoƙari nake yi ba. Da Mai Fitila ta buɗe baki, Yaya ce, da wushiryarta, har da yadda take jan hanci kafin ta fara magana. Shi ya sa duk shekara nake maimaita shi. Mutane suna zuwa gaida 'yan uwansu a mota, ni a zaune nake zuwa."

Aka kawo wuta, muka koma keke. Ba mu sake ɗauko zancen ba sai da fim ya tashe shi.

Ba ita kaɗai ce mahaukaciyar littafin a unguwarsu ba. Duk Asabar da la'asar su huɗu suke haɗuwa a bencin ƙofar kemis. Akwai Mai Kemis kansa, mutum mai tsamin baki da kyakkyawar zuciya. Akwai Malama, mai koyar da lissafi. Sai Birki, tsohon direban bas da ya yi ritaya, wanda ya karanta kashi ukun duka a tasha yana jiran fasinja su cika. Ni ma nakan bi ta wani lokaci, don gardamarsu ta fi rediyo daɗi.

Sau uku aka ce za a mayar da littafin fim. Na farko, Anti tana da cikin autanta, aka yi ta murna, sai magana ta bi ruwa. Na biyu, aka ce masu shirin sun ɓata da juna. Da aka yi sanarwa ta uku, autan nan har ya fara aske gemu. Wannan karon kuwa da gaske ne, don an nuna hoton gadar da suke ginawa.

"Za su lalata shi," in ji Mai Kemis. "Shafi dubu da ɗari biyu a cikin awa biyu da rabi? Raƙumi ne za su tura a kwalbar maganin tari. In ya shiga, ku tabbata ba raƙumi ba ne kuma."

"Kai dai ba ka taɓa fatan alheri ba," in ji Birki. "Ni tsuntsayen nan kawai nake so in gani da idona. Shekara talatin ina ƙoƙarin auna girmansu. Wani lokaci in ga kamar bas ɗina, wani lokaci in ga sun fi tashar gaba ɗaya. A nuna min su in huta."

Malama ta ce dole a yanke wasu wurare, lissafi ne, ba ƙiyayya ba. Suka kwashe wata uku suna rigima kan wa za a yanke. Mai Kemis ya ce in aka cire ɓarawon gishiri, shi da fim har abada. Birki ya ce ɓarawon nan ko a littafin ma cika wuri yake yi. Saura kaɗan abotar shekara ashirin ta watse a kan mutumin da bai taɓa rayuwa ba.

Sai aka bayyana wadda za ta fito a Mai Fitila. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da uku, doguwa, fuska kamar an wanke ta da madara, haƙora a jere ba ko tsaga. Mai Kemis ya miƙo wayarsa yana dariyar mugunta.

"Ga gurguwarku 'yar arba'in nan."

Na ɗauka Anti ce za ta fi kowa tada jijiyar wuya. Sai ta duba hoton na ɗan lokaci ta mayar masa da waya.

"Kwalliya tana tsufar da mutum," ta ce. "Ɗingishi kuma ana koyo. Ku bari mu gani."

A hanyar komawa na tambaye ta me ya sa take kare su.

"Yarana ba sa karatu, Maƙwabciya. Babansu kuwa, da yake gyaran firiji ne sana'arsa, in ba takardar bayan firiji ba, ba ya duba komai. Na yi na yi, sun ƙi. Ba su san Yaya ba, ba su taɓa ganin ko inuwarta ba. Ina ganin in masu fim ɗin nan suka bi littafin yadda yake, ko kaɗan ne wani abu nata zai fito. In nuna wa yaran in ce, kun ga yadda ta yi shiru ɗin nan? To haka innarku take yi." Ta ɗan yi dariya. "Na san ba hankali a ciki. Kar ki gaya wa Mai Kemis."

Ta rubuta wa kamfanin fim ɗin wasiƙa, shafi goma sha ɗaya da hannu. Ta yi musu bayanin wace ƙafa ce mai ɗingishin, da yadda ake riƙe fitilar ƙasa-ƙasa kusa da gwiwa, da cewa don Allah kar su sa ta yi ihu. 'Yarta ta ɗauki hoton shafukan ta tura ta waya. Amsa ta dawo cikin minti ɗaya, wai sun gode da ƙaunar da ake nuna musu, a ci gaba da bibiyarsu.

"Minti ɗaya," in ji Anti. "Kai, mutanen nan akwai saurin karatu."

Da tallan fim ɗin ya fito, ta ƙi kallo. Ta ce ba ta son ɗanɗane, tana so ta ci gaba ɗaya. In wata ta kunna shi a wajen aiki, sai ta taka keke da ƙarfi har ƙarar ta rufe.

Saura wata biyu a fara nunawa, Birki ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Muka je duba shi a asibiti. Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sosai. Malama ta sunkuya ta ce masa an ce tsuntsayen sun fi bene hawa uku. Ya ɗaga yatsu biyu na hannun da ke motsi, yana nufin wata biyu, zai jira. Bai kai ba. Saura kwana goma sha tara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Asabar ɗin da ta biyo baya suka zauna a bencin su uku, ba wanda ya matsa ya cike gurbinsa.

Mai Kemis ya rantse ba zai taka gidan kallon ba. Ranar farko aka gan shi a layi da hula har ido.

Mu sai ranar Asabar muka je, nunin ƙarfe biyu na rana. Anti, da mijinta mai gyaran firiji, da 'yarta da autanta, da ni. Ta ɗinka sabuwar riga saboda ranar. Muna shiga mijin ya tsaya ya saurari na'urar sanyaya ɗaki, ya ce, "Wannan injin nasu ba zai kai baɗi ba." Kafin a gama rubutun farko ya yi barci.

Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta ko da ba ta yi min daɗi ba: fim ɗin ya yi kyau. Da tsuntsu na farko ya sauko, inuwarsa ta rufe gari, sai da na kama hannun kujera. Gadar tana ƙyalli kamar za ka lasa. An cire ɓarawon gishiri, ban ma lura ba. Yarinyar kuwa ba kwalliyar tsufa, ba ɗingishi. Gudu take yi a kan gadar, fitilar a sama, takobi a ɗaya hannun. Kuma ta iya, wallahi ta iya. In ta juyo ta kalle ka, fuskarta ta cika bangon nan, sai ka ji kamar kai kaɗai take kallo.

Aka zo wurin da Anti ta fi so, wanda na ji daga bakinta ya fi sau ɗari. Rundunar sarki ta iso bakin gada. A littafi, Mai Fitila tana zaune a kan dutse tana gyara lagwani, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce musu a hankali, "Ku wuce, in kuna da gaskiyar da za ta ɗauke ku." A fim, sai yarinyar ta hau can ƙololuwar gada, iska tana kaɗa gashinta, kiɗa ya tashi, ta ƙwala maganar da ƙarfin da sai da kujeru suka girgiza.

Ɗakin ya ɗauka da ihu. Autan Anti ya miƙe tsaye. Ni ma na tafa, na tafa har tafin hannuna ya yi zafi. Sai na juya. Anti tana zaune, hannuwanta a cinya, idonta a kan bangon, ba ta ko ƙiftawa.

Da muka fito rana ta dake mu. 'Yar ta rungume ta.

"Mama, ashe haka abin yake! Da kin gaya mana haka Mai Fitila ta haɗu, ai da tuni mun karanta."

"Haka ne," in ji Anti.

"Maman yara, an gama?" in ji mijin yana murza ido. "Wa ya ci?"

Ranar Litinin ta zo aiki kamar kullum. Ta lissafa mana kurakurai talatin da ɗaya, muna dariya. Na ce a raina, to, abin ya zo da sauƙi.

Ranar Alhamis na riga sauran zuwa, na tarar da ita zaune a gaban keke, ba ta cire masa riga ba. Kashi na ɗaya yana buɗe a cinyarta.

"Maƙwabciya," ta ce, "ba ta zo ba."

"Wa?"

"Na buɗe jiya. Na buɗe shekaranjiya. Yarinyar nan ce ke fitowa. Na je wurin lagwani, wurin da na san dole Yaya ce, sai na ji ihu. Na rufe ido in kamo fuskarta, sai ga haƙoran nan a jere."

Na ce mata sabon abu ne, ɗoki ne, zai wuce. Malama ma haka ta ce, wai ta ba shi wata ɗaya. Ta ba shi wata ɗaya. Ta koma shafin farko ta bi shi a hankali har ƙarshen kashi na uku. Ta gwada karantawa da ƙarfi. Ta gwada kwanciya a gado tana kallon rufi yadda take yi tana yarinya, ta sa ni na zauna a gefe ina karanta mata. Ina tuntuɓe a kan sunayen tsuntsaye, ita tana kwance ido a rufe. Bayan shafi uku ta ce, "Bari haka, na gode. Muryarki nake ji, fuskar waccan nake gani."

Sai ta fara yawon tambaya. Ƙaninta ya ce shi yana ɗan shekara shida lokacin, abin da ya tuna kawai Yaya ta taɓa dukansa da takalmi. Ta ɗauki hutun kwana biyu ta je wurin kawunsu, wanda shi kaɗai ya rage a manya. Tsohon ya yi murna da ganinta, ya ce ƙwarai ya tuna, doguwa ce fara mai yawan dariya. Yaya kuwa gajeriya ce, kuma ba ta cika dariya ba. Ashe wata 'yar ɗan uwansa yake nufi. Anti ta dawo ta ce min, "Abin da ya fi ba ni tsoro, da ya ce doguwa, sai da na tsaya ina tunani ko shi ne da gaskiya."

Ta nemo inda shagon mai hoton da ya ɗauki Yaya yake, ko an ajiye tsofaffin kaya. Ta tarar ana sayar da rigunan waya a wurin. Mai shagon bai ma san an taɓa ɗaukar hoto a nan ba.

Mai Kemis, da ya ji ta daina cin abinci sosai, ya ce, "Ai na gaya muku." Malama ta ja shi gefe ta faɗa masa abin da ke ƙasa. Washegari ya zo wajen aikinmu da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula a hannu. Daga ƙarshe ya ajiye mata kwalbar maganin ƙarin jini ya tafi.

Bencin kuwa ya cika da sababbin masoya, waɗanda fim ya kawo. Suna gardama ko Mai Fitila za ta auri ɗan sarki a kashi na biyu. Wata Asabar Anti ta ce musu a littafi ba ta da takobi. Wata ta dube ta ta ce, "Anti, kin kuwa kalli fim ɗin?" Daga ranar ba ta koma ba.

Wata huɗu bayan haka mai wajen aikinmu ya shigo da fara'a, ya ce an samu babban aiki. Wani kanti yana son matasan kujera masu hoton fim ɗin, ɗari huɗu, cikin sati biyu. Aka sauke bandir ɗin yadi, aka warware a kan tebur. Fuskar yarinyar ce, bakinta a buɗe, a jere a jere har ƙarshen ɗaki.

Na je na same shi a ofis na ce a ba Anti labule, ni zan ɗauki rabonta. Ya yarda. Da na gaya mata, sai ta girgiza kai.

"Bar shi. Ko na ɗinka ko ban ɗinka ba, tana nan."

Ta ɗinka hamsin ɗinta. Ɗinkinta ya fi na kowa kyau kamar kullum, ba zare ko ɗaya a waje. Tana juya kowace riga, ta cusa soso, ta daddanna fuskar da tafin hannu don ta zauna daidai, ta ajiye, ta ɗauki wata. Sati biyu ba ta yi maganar da ta wuce "miƙo min almakashi" ba.

Ranar da aka kwashe kayan na tambaye ta ko akwai abin da ya rage mata.

"Na san tana da wushirya," ta ce. "Na san muryarta tana da dishi. Amma sani ne kawai, kamar yadda na san ranar haihuwata. An gaya min, na riƙe. Ba na gani." Sannan ta ce, "Ni na kai kaina. Har da sabuwar riga."

A ƙarshen shekarar ta bar aiki. Ta ce baya ne, kuma gaskiya bayan yana damunta. Wata mata aka ba kekenta, mai kirki ce, amma ba ta magana sai ta waya.

Nakan je gidan duk bayan sati biyu. Ta rame, amma tana tashi ta yi hidimarta. Muna hirar ciwon baya, da maƙwabta, da jikar da take jira. Mijin ya rage fita aiki, yana zama kusa da ita yana kwance tsofaffin injina a tsakar ɗaki, ita kuma ba ta yi masa faɗan man da yake ɗiga a ƙasa kamar da. Ya taɓa raka ni bakin titi ya ce, "Ni ban gane ciwon nan ba. Da na'ura ce da na buɗe na duba."

Zuwana na ƙarshe, 'yar ta biyo ni har ƙofa, ta rage murya.

"Kashi na biyu na fim ɗin zai fito ranar Juma'a. Ni da auta mun sayi tikiti. Don Allah kar ki gaya wa Mama."

Na ce mata ba zan faɗa ba. Ban gaya mata cewa nawa tikitin yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata ba. Na gyara mayafi, na tsallaka titi, na tsaya jiran bas.